Wai mene ne "koɗewar murjani" da ake ta yaɗa hotunanta?

In kana bin labaran muhalli a Facebook ko TikTok da wuya a ce ba ka ci karo da hotunan nan na ƙarƙashin teku ba, wasu abubuwa masu rassa farare tas an rubuta wai murjani ya koɗe. Mutanenmu a nan Kano sai ka ga suna ta masha Allah kyau, alhali abin da suke kallo halitta ce yunwa ke neman kashewa.

Shi murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne, dabba ce. Ƙananan halittu ne masu laushi, da yawansu ba su kai ƙwayar wake ba, suna zaune dubbai a manne da juna, kowanne yana fitar da wani sinadari irin na alli yana gina wa kansa mazauni mai tauri, in na ƙasa suka mutu na sama su ɗora gini a kansu, a haka a haka cikin dubban shekaru sai ka ga an samu tudu guda a cikin ruwa. Mafi girman jerin irin tuddan nan yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Wanda ya taɓa shiga tsohon garin Jidda lokacin Hajji ko Umara ma ya ga aikinsu, don da dutsen murjanin Bahar Maliya aka gina tsofaffin gidajen nan. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya kuwa ɗan uwansu ne amma shi daban yake, daga Bahar Rum aka fi samo shi kuma a wuri mai duhu yake rayuwa.

To ina launin yake fitowa? Nan ne asalin maganar. A cikin jikin murjani akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, zaman ɗan haya suke yi da maigida, shi ya ba su ɗaki, su kuma su yi amfani da hasken rana su haɗa abinci su biya shi da shi, kuma abincin nan shi ne kaso mafi tsoka na abin da murjanin ke rayuwa a kai, a wasu har kashi 90 cikin 100. Su ne ke ba shi yawancin launin da muke gani. Da zarar ruwa ya ɗumama fiye da yadda ya saba a lokacin zafi, ko da digiri 1 ne kacal, in ya ɗauki makonni a haka, sai gansakukar ta fara fitar da abin da ke cutar da shi, dole ya kore ta. Tana fita jikinsa ya koma garai-garai, farin allin da ke ƙasa ya bayyana. Wannan ita ce koɗewar.

Kuma a gane, wanda ya koɗe bai mutu ba tukuna. In ruwan ya huce da wuri gansakukar tana dawowa ya farfaɗo. In zafin ya daɗe ne yake mutuwa, ciyawar ruwa ta lulluɓe shi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda abin yake zuwa a kai a kai yanzu, don tudun da ya sha wuya yana buƙatar shekara 10 ko fiye kafin ya dawo hayyacinsa, amma ku duba shekarun da na Ostareliya ya koɗe: 1998, 2002, sai 2016, 2017, 2020, 2022, 2024. Yaushe zai huta? A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa an shiga koɗewa karo na huɗu da ta game duniya. Masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2018 suka ce in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da yadda take kafin zamanin masana'antu za a rasa kashi 70 zuwa 90 na tuddan nan, in ta kai 2 kusan duka.

Na san wani zai ce mu da ko teku ba mu da shi ina ruwanmu. Gaskiya ne ledar da ta toshe kwatar unguwarku ba teku take zuwa ba, ruwan Kano da Challawa Haɗejiya yake nufa ya bi ta Yobe wajen Tafkin Chadi. Ko gaɓar Najeriya ma ba ta da manyan tuddan murjani, ruwan ya cika laka shi kuma garau yake so. Amma iskar ɗaya ce. Hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da gas da ke riƙe zafi a sama, wanda muke ji a jikinmu a Afrilu in rana ta haura digiri 40 ga ba wuta, kusan kashi 90 na wannan ƙarin zafin teku ne ke shanye shi.

Sannan wallahi ba maganar masu yawon shaƙatawa ba ce kawai. Tuddan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba amma kusan kashi 25 na nau'in halittun teku a nan suke samun ci da maɓoya da wurin haihuwa, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. Masuncin Zanzibar ko na Mombasa da ke fita da ƙaramin kwalekwale, talaka ne irin namu, in murjani ya mutu kifi ya watse tukunyar gidansa ce ke shiga uku.

Su ma ba zama suka yi ba. A Kenya wasu ƙauyukan gaɓa irin su Kuruwitu da kansu suka ware wani yanki suka hana kamun kifi a ciki, a Tanzaniya kuma an daɗe ana yaƙi da masu jefa nakiya a ruwa don kama kifi, abin da ke farfasa ginin shekaru aru-aru cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ba zai sanyaya ruwan ba, amma inda aka bar kifayen da ke cin ciyawar ruwa suka yawaita, suna share wurin, jariran murjani su samu inda za su manne bayan zafin ya wuce.