Waiwaye: Cocin Paraportiani da baƙin jiragen ruwa

Wanda duk ya sauko daga jirgin ruwan yawon shaƙatawa a tsibirin Mikonos na ƙasar Girka, da wuya ya koma bai ɗauki hoton cocin Panagia Paraportiani ba. Yana nan a unguwar Kastro, daf da teku, fari fat, kamar an mulmula shi da hannu.

Mai gaggawa bai cika lura ba, amma coci biyar ne a gini ɗaya: huɗu a ƙasa, na Maryam a bisansu. An soma aikin a ƙarni na 15, ba a gama ba sai ƙarni na 17. Jika ya ɗora kan abin da kaka ya bari, shi ya sa babu ɓangaren da ya yi kama da ɗan'uwansa. A ganina, nan kyansa yake. Ma'anar sunan kuwa ita ce "Maryam ta ƙofar gefe", domin an gina shi kusa da wata ƙaramar ƙofar ganuwar garin, a zamanin da 'yan fashin teku suka hana tsibiran barci. Ganuwar ta zube tuni, cocin na nan.

Farin ma ba don ado aka faro shi ba. Farar ƙasa ce, mai arha, tana rage zafin rana, tana kashe ƙwayoyin cuta. Shafe kan shafe na shekaru ne ya cinye kusurwoyin ginin.

Baƙin farko ba don cocin suka zo ba. Tun daga 1873 da Faransawa suka fara tonon kayan tarihi a tsibirin Delos da ke kusa, Mikonos ya zama zango. Daga baya masu kuɗi suka gano shi, har Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, ta je a 1961. Sai manyan jiragen ruwa suka biyo baya, suna juye dubban mutane a wuni guda a tsibirin da mazaunansa ba su wuce dubu 11 ba.

Cunkoson ya sa Firaministan Girka Kyriakos Mitsotakis ya sanar da haraji a 2024, ya fara aiki a Yulin 2025: Yuro 20 kan kowane fasinjan jirgin yawon shaƙatawa da ya sauka Mikonos ko tsibirin Santorini a tsakiyar lokacin zafi. Mai biyan kuɗin kuma, mafi yawan lokaci, bango kawai zai gani, don ƙofar cocin a kulle take.