Waiwaye: Daga ina labaran "tsohuwar zuma" suka ɓullo?

Muhawara ta sake tashi kan wani salon labari da ya cika WhatsApp da Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet. Miji ya rasu, matar ta gama takabarta ta wata 4 da kwana 10, sai ga saurayinta na ƙuruciya, shi ma mutuwa ta raba shi da matarsa. Su yi ta jinyar juna har a ɗaura aure. Masu suka na cewa ana koya wa matan aure ajiye wani a zuci, kuma waya da finafinan Indiya ne suka jawo mana. Amma abin ya girmi waya nesa ba kusa ba.

Farkon tarihin ƙagaggun labaran Hausa sananne ne. Gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifar da ƙagaggun labarai na farko cikin boko, duka maza suka rubuta. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka mamaye kasuwannin Kano, marubuta na bugawa da kuɗinsu, auren dole kuma shi ne babban jigo.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne 1980, shekarar da jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, azuzuwan yaƙi da jahilci suka bazu cikin unguwanni. Su wa suka zauna a kan bencinan nan? Da yawansu matan da aka cire daga firamare aka aurar ne, wasu da goyo, wasu zawarawa da suka dawo gidan iyaye. Da suka iya haɗa baƙi, ba jarida suka nema ba, ƙaramin littafin da ake karɓa haya ake karantawa a ɗaka suka nema. Wasunsu daga baya suka ɗauki biro da kansu.

Mace irin wannan ta san ɗaurin aure ba nan ne ƙarshen zance ba. Ta ga saki, ta ga kome, ta zauna zaman makoki, ta san yadda dangin miji ke jan marayu. Ta kuma san wanda aka raba ta da shi yana nan cikin gari, ana haɗuwa a biki ko gaisuwar mutuwa. Littafin da ya ƙare da budurwa tana kuka a gidan wanda ba ta so, a wurinta rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ake rubutawa yanzu, kuma "tsohuwar zuma da ita ake magani" ba marubutan intanet suka ƙirƙiro ta ba.

Ta wani gefen dai masu sukar na da gaskiya. Wasu marubutan kan kashe miji a haɗarin mota cikin shafi guda don kawai hanya ta buɗe, kafin sadakar arba'in har tsohon saurayi ya fara aiko da cefane.