Killacewa a lokacin annoba: abin da dokar lafiya ta duniya ta tanada

Da zarar annoba ta ɓulla, sai umarni ya yi ta zuwa: a sa takunkumi, a wanke hannu, a zauna a gida. Da yawa na zaton Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tilasta waɗannan. Ba ita ba ce. Abin da ke hannunta shi ne Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2005 bayan cutar SARS ta 2003, suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 2007. Sun wajabta wa ƙasa ta sanar da hukumar cikin sa'o'i 24 bayan ta tantance cewa cuta na iya tsallaka iyaka. Idan abu ya ta'azzara, shugaban hukumar ya ayyana dokar ta-ɓaci, kamar yadda aka yi wa korona ranar 30 ga Janairu, 2020. Shawarwarin da ke biyo baya, shawarwari ne kawai. Kowace gwamnati ita ke mayar da su doka a ƙasarta.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, dokar kuwa ta raba su. Keɓewa na wanda ya kamu ne. Killacewa na mai lafiya ne da ake zaton ya yi mu'amala da cutar. Kwanakin ma ba da ka ake yanke su ba: ana bin tsawon lokacin da ƙwayar ke ɓoye a jiki kafin alama ta fito, shi ya sa aka ce kwana 21 ga Ebola, 14 ga korona a farkonta.

Sashen da na fi so mutane su sani shi ne na 32. Matafiyin da aka tsare saboda cuta yana da haƙƙin abinci, ruwa, makwanci mai kyau, magani da kariyar kayansa, kuma a mutunta shi. Wannan ba alfarma ba ce. A ganina nan ne zuciyar al'amarin, domin wanda ya san za a wulaƙanta shi zai haɗiye maganin zazzaɓi kafin ya isa wurin awon zafin jiki, ya wuce da cutarsa.

Sauran kuwa babu jami'in da ke gani. Uwa ce ke tsayawa kan yaronta har ya cuɗa tsakanin yatsu da sabulu, ba ya jiƙa tafi ya gudu ba. Mai tari ne ke kare baki da gwiwar hannu, ya ja takunkumin ya rufe hanci maimakon ya bar shi a haɓa. Mutane sun fi riƙe irin waɗannan ɗabi'u idan an gaya musu dalili, kuma sabulun da ruwan suna kusa. Umarnin wanke hannu ga gidan da ba ruwa, ko na zaman gida ga wanda sai ya fita zai ci, da wuya ya kai mako ana binsa.