Dokar katakon ƙarƙashin mota a tseren Formula 1

Tun da aka soke sakamakon direba Lewis Hamilton a tseren Austin na Amurka a watan Oktoban 2023, bayan ya zo na biyu, saboda katakon ƙarƙashin motarsa ya cinye fiye da kima, ake ta yaɗa cewa an kama shi da maguɗi, wasu kuma suna cewa FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ita ce ta sa masa ƙahon zuƙa. Babu ɗaya daga cikin zantukan nan da ya dace da abin da dokar ta tanada.

Tun daga motar Lotus ta 1977 injiniyoyi suka gane cewa idan mota ta matso kusa da kwalta, iskar da ke ratsa ƙarƙashinta tana zuƙo ta ƙasa, sai ta sha kwana da gudun da ba za ta iya ba a da. Haɗarin kuwa shi ne da zarar cikinta ya bugi ƙasa, riƙon yana iya kuɓucewa nan take. Bayan rasuwar direba Ayrton Senna a haɗarin tsere a Imola ta Italiya a 1994 aka wajabta wa kowace mota dogon katako a ƙarƙashinta, mai kaurin milimita 10. Yanzu ba da itace ake yin sa ba, kuma ƙarafunan da ke manne da shi ne ke fitar da tartsatsin da ake gani a tseren dare.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne hukuncin. A 2023 doka ta yarda katakon ya cinye da milimita 1 kawai, kuma idan an auna aka ga bai kai 9 ba, sakamakon direba ya tafi baki ɗaya. Alƙalai ba sa tambayar ko da gangan ne, ba sa duba ko an ci wata riba, kuma gargadar hanya ba uzuri ba ce. Michael Schumacher ya rasa nasarar da ya samu a Beljiyam a 1994 a kan haka, Charles Leclerc ma an soke sakamakonsa rana ɗaya da Hamilton, don haka maganar tsangwama ba ta da tushe.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda ake binciken. A Austin motoci huɗu kaɗai aka auna katakonsu, biyu suka faɗi, amma ba a koma kan sauran ba, har wasunsu suka gaji makin waɗanda aka kora.