Lambunan shaƙatawa a Legas: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da zarar Sallah ta ƙarato, 'yan uwa daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 sai su yi ta kirana da tambayoyi iri ɗaya, don sun san ina fita da yarana lambu. Ga amsoshin wuri guda, kowa ya karanta.

Wai "park" ɗin nan ba tashar mota ba ce?

A'a. Sunan ne ɗaya a bakin mutanen Legas. Lambun shaƙatawa fili ne mai ciyawa da bishiyoyi da kujeru, an ware shi don jama'a su sha iska.

Ba matattarar 'yan iska ba ce?

Haba Malam! Ka taɓa zuwa? Je ka JJT Park da ke Alausa ranar Asabar da la'asar, ka ga iyaye mata zaune kan tabarma da kular abinci, yara na layin hawa lilo. Kana da yara biyar a ɗaki ɗaya, filin wasansu bakin kwata da gaban babura, amma lambu kake jin tsoro. Wannan magana tana ɓata mini rai, don yaranmu ne ke cutuwa da ita.

Na masu kuɗi ne?

Naka ne. Na gwamnati da harajin jama'a aka yi su, har da wanda kake biya a kasuwa. Wasu ana karɓar kuɗin shiga, ka riƙe canji.

Wa ya fara kawo wannan abu?

Da can na sarakuna ne. Hyde Park ta Landan dajin farautar sarki ce kafin a buɗe ta ga jama'a a 1637. Da masana'antu suka cika biranen Ingila da hayaƙi da cunkoso, sai hukumomi suka fara gina wa talakawa nasu, kamar Birkenhead Park a 1847, kuma daga ita aka ɗauki darasi wajen tsara Central Park ta New York. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: dandali da inuwar durumi a ƙofar fada aikin da suke yi ke nan.

A Legas fa, wanne zan fara zuwa?

Freedom Park, a Broad Street. Gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne a da, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. An buɗe shi a matsayin lambu a 2010, shekarar da Najeriya ta cika 50 da samun 'yanci. Tsohuwar katangar tana nan, kuma an fitar da girman ɗakunan fursunoni yadda yaro zai shiga ya ga ƙuncin da idonsa. Akwai lambun Muri Okunola a Victoria Island, da na Gani Fawehinmi a Ojota, inda aka yi babban gangamin ƙin cire tallafin mai a Janairun 2012. Hukumar LASPARK, wadda aka kafa a 2011, ita ke kula da lambunan jiha.

Zan iya yin walimar suna ko taron ƙungiyarmu a ciki?

To, nan sai a yi a hankali. Amsar ita ce mai yiwuwa, amma ya danganta da lambun. Zuwa da iyali da tabarma daban, kafa rumfa da kujeru ɗari da lasifika daban. Na biyun haya ce, sai da izini, kuma izinin daga ofis yake fitowa, ba daga bakin mai gadi ba. Na taɓa ba wani mutum kuɗi a ƙofar wani lambu, ya ce an gama magana, ranar taron aka ce ba a san da mu ba, muka kwashe kujeru a gaban baƙi. Saboda haka ka je da kanka tun da sauran makonni, ka karɓi rasit mai kwanan wata da awannin da aka ba ka. Ka tambaya ko za a bar ka ka hura wuta, domin wasu wuraren ba sa yarda da gawayi kan ciyawa, ka ga mai tsire sai dai ya gasa a waje ya shigo da shi. Ka tambayi ruwan alwala da inda za a yi salla, galibi ba za a hana ka shimfiɗa darduma a gefe ba, amma jam'in mutum hamsin gara a san da shi tun farko. In taron ya faɗo a Yuni ko Yuli, kada ka dogara da sararin sama, ruwan Legas ba ya sallama. In kuma lambun na 'yan kasuwa ne, dokarsu ce ke aiki, farashi kuma sai yadda kuka daidaita. Kada hakan ya karya maka gwiwa, mutane na yi kullum.

Zan iya yankar reshe in yi asuwaki?

A'a. Sare bishiya a Legas ma sai da izini. Kuma ledar fiya wata da ka sha, ka saka ta a kwandon shara.

Da gaske akwai birai a Lekki?

Akwai, a Lekki Conservation Centre, dajin da aka killace tun 1990, mai gadar tafiya da ƙafa ta saman bishiyoyi da tsawonta daga farko zuwa ƙarshe ya kai mita 401. Ka riƙe ledar abincinka da kyau, suna fizgewa daga hannun yara.