Wergild

Wergild kalma ce ta tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa ƙarni na 12. Tana nufin kuɗin da wanda ya yi kisa, ko danginsa, ke biyan dangin mamaci don a bar ɗaukar fansa. Mafi kusa da ita a Hausa ita ce diyya.

Asali

Gaɓa biyu ne suka haɗu: wer, wato namiji, da gild, wato biya. Gaɓar farko 'yar'uwar vir ce ta Latin, ta biyun kuma tushenta ɗaya da Geld na Jamusanci, mai nufin kuɗi. Ana samun ta a rubuce da siffofi daban-daban, kamar wergeld.

A dokokin sarakuna

Dokoki mafi tsufa da aka rubuta da wannan harshe su ne na Sarki Aethelberht na Kent, wata masarauta a kudu maso gabashin Ingila, wajen shekara ta 600, kuma kwafi ɗaya tak ya rage, cikin wani kundi na ƙarni na 12 da ke Rochester. A can, ran talaka ɗa, wato wanda ba bawa ba, sule 100 ne. Dokar ba ta tsaya kan rai ba, har gaɓoɓin jiki ta yi wa farashi: ido sule 50, babban yatsa 20, kunnen da aka yanke 12, kowane ɗaya daga haƙoran gaba huɗu kuwa 6.

A Wessex, wata masarautar a kudancin Ingila, an kasa waɗanda ba bayi ba gida uku: mai sule 200, mai 600, da mai 1,200. Farashin ya zama sunan mutum, har ana kiran basarake da "mai ɗari goma sha biyu". Nauyin rantsuwarsa a gaban shari'a ma da wannan ake auna shi. Dokokin Sarki Ine na Wessex, na ƙarshen ƙarni na 7, sun rage wa 'yan asalin ƙasar, wato Birtaniyawan da aka ci da yaƙi, farashi ƙasa da na Sakson, wato ƙabilar da ta ci su, mai matsayi irin nasu. Bawa ba shi da wergild na kansa. Ubangidansa ake biya, kamar an yi masa asarar dukiya.

Tarihin Anglo-Sakson, kundin abubuwan da suka faru shekara-shekara a Ingila ta wancan zamani, ya ce a 694 mutanen Kent sun biya Ine "dubu talatin" saboda ƙona Mul, ɗan gidan sarautar Wessex, da suka yi. Masana sun saɓa kan irin kuɗin da ake nufi.

Bambanci da diyya

A fiƙihu raƙuma 100 ne diyyar Musulmi ɗa namiji, sarki ne ko talaka. Wergild kuwa hawa take yi da sauka gwargwadon haihuwa da yawan gonar mutum.

Gushewa

Bayan da Normandawa, daga arewacin Faransa, suka mamaye Ingila a 1066, kisa ya koma laifin da kotun sarki ke hukuntawa, kuma zuwa ƙarni na 12 al'adar ta shuɗe. Yau a littattafan tarihi da na shari'a ake cin karo da kalmar.