Ma'anar "alamar rai" da ake ta ji daga masu binciken sararin samaniya

Tun da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito a watan Satumban 2025 ta yi bayani kan wani dutse da ke duniyar Mars, zancen "alamar rai" ya cika gari. A rediyo na ji an ce an gano halittu. A WhatsApp kuwa har da hoton wani abu mai ƙaton kai da idanu kamar na mujiya. A majalisarmu ta bayan la'asar wani dattijo ya yanke hukunci, ya ce aljanu ne Turawa suka yi kiciɓis da su, dama an daɗe ana gaya musu.

Wannan "an gano halittu" ita ke ba ni haushi. Masu binciken nan sun auna maganarsu kafin su furta ta, mai fassara ya zo ya zuba mata gishiri har ta tashi daga alama ta koma shaida. Alhali Bahaushe, da ya aro kalmar alama daga Larabci, ya san iyakarta sarai. Shi ya ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, kuma kowa ya san sai an shiga fagen kokawa ake tabbatarwa. Abin da masana ke nufi da alamar rai shi ne wata iska, ko sinadari, ko tabo a jikin dutse, wanda a nan duniyarmu mai rai ne ya saba samar da shi. Mai ran da suke zato ma ba shi da kai balle idanu. Ƙwaya ce da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke sa nono ya yi tsami a ƙwarya.

A duba labarin wata duniya da ake kira K2-18b. An gano ta a 2015, ta ninka tamu nauyi fiye da sau takwas, kuma nisanta ya kai haske ya yi shekara 124 yana gudu kafin ya iso mu daga can. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarta ko a hoto. Abin da ake yi shi ne jira. Duk bayan kwana 33 tana giftawa ta gaban tauraron da take kewayawa, sai hasken tauraron ya ratsa iskar da ta lulluɓe ta, yadda hasken rana ke ratsa hazo da hunturu. Kowace iska tana da launin hasken da take haɗiyewa, don haka idan madubin hangen nesa na James Webb ya kama hasken, sai a duba wane launi ne ya ragu. A watan Afrilun 2025 Farfesa Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka ce sun ga gurbin wata iska da ake taƙaita sunanta da DMS, wadda a nan ƙananan tsirran teku ne ke fitar da ita. Kamar dai mutum ya tsaya bayan gari ya hango hayaƙi, ya ce daga launinsa ya gane miyar kuka ake dafawa. Yana iya yin daidai, amma ba za ka wanke hannu ka zauna jiran tuwo ba.

Su da kansu sun faɗi cewa akwai yiwuwar kusan uku cikin dubu abin da suka gani ruɗin na'ura ne. Mai sauraro zai ce ai wannan ba komai ba ne, amma a fagen sai yiwuwar kuskure ta gaza ɗaya cikin miliyan ake cewa an gano abu. Ba a daɗe ba wasu masanan suka sake tace bayanan suka ce su ba su ga hujja mai ƙarfi ba. Ga kuma wata matsalar: an samu DMS ɗin a jikin wani tauraro mai wutsiya, dunƙulen ƙanƙara da ƙura da babu mai zargin akwai rai a cikinsa. Wannan ɓangaren ban ji shi a rediyo ba.

Kuma an saba. A 1996 Shugaban Amurka Bill Clinton da kansa ya yi jawabi kan wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika, aka ce akwai burbushin ƙwayoyi a ciki, daga baya yawancin masana suka ƙi gamsuwa. A 2020 aka yi irinta a kan Zara matar wata. Na Satumban 2025 ɗin, wani dutse ne mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa da Perseverance, motar binciken NASA marar direba, ta samu a kwarin Jezero na Mars, inda ruwa ya taɓa kwanciya. Irin waɗannan ɗigon ƙwayoyi kan bar su a laka, amma sinadarai ma kan yi su ba tare da mai rai ba, kuma NASA ta faɗi haka.

Ni ban ga laifin neman ba, ko da yake kuɗin da ake kashewa kan sa in yi tsaki. An riga an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 a wajen dangin ranarmu, kuma duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin zafi ya ɗaga kai ya yi tambayar da suke yi. Abin da nake so masu labarai su koya shi ne haƙurin masu aikin. A 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Dutsen na hannun masana, suna juya shi suna yanka shi, amma sai da aka haura shekara ashirin kafin su yarda daga Mars ya fito. Shi kuwa mai fatar damisa, ɗan gutsuren da aka haƙo daga jikinsa yana can a rufe cikin bututun ƙarfe a cikin motar, ba a ma kawo shi ba.